Baltimore: Titin Da Ya Rage A Kan Kwali

Dala 60 na bayar, ko tayi ban yi ba. A wata kasuwar tsofaffin kaya ce da ke ci ranar Lahadi a birnin Washington, inda ake baza komai a kan tebura, daga faya-fayen garmaho zuwa kofunan shayin da kakannin wasu suka mutu suka bari. Abin da ya tsayar da ni wani kwali ne mai launin ruwan lemo da ɗorawa, irin launin da ke kiran mutum tun daga nesa. A tsakiyarsa ga kan James Brown, an yanko shi daga hoto ba wuya ba kafaɗa, yana murmushi. Sunansa kuwa an buga shi da baƙaƙen haruffa masu kauri kamar an sassaƙa su da gatari. Can ƙasa, da ƙananan haruffa, ga sunan maɗaba'ar: Globe, Baltimore. Mai kayan ya ce mini fostar wasa ce ta ainihi, tun daga shekarun 1960. Na yarda da shi, domin dama ina son in yarda.

Sunan James Brown ba baƙo ba ne ga wanda ya yi wayo a biranen Nijeriya a shekarun 1970. Mawaƙin ya zo Legas a ƙarshen 1970, yaƙin basasa bai cika shekara da ƙarewa ba. Watanni kaɗan bayan haka, ranar 6 ga Maris 1971, wasu takwarorinsa irin su Wilson Pickett da Ike da Tina Turner suka cika dandalin Black Star a Akara. A gidanmu akwai wani kawuna da ya tara suma, yana da faifan mutumin guda ɗaya da ba ya bari kowa ya taɓa. Da na ga kwalin nan, kawun nawa na tuna, Allah Ya jiƙansa, kuma tunawa ba ta iya ciniki.

Abokin da ya sauke ni ya juya fostar gaba da baya, bai ce komai ba sai murmushi. Daga baya ya ce in ina son sanin abin da na saya, in je garin da aka rubuta a ƙasanta, kuma ya haɗa ni da wani dattijo da ya sani a can. Haka na shiga jirgin ƙasa daga tashar Union zuwa tashar Penn ta Baltimore, tafiyar kamar awa guda, kwalin yana jingine da gwiwata. Ba ya naɗuwa, ba ya shiga jaka. Duk wanda ya wuce sai ya kalle shi, wasu tsofaffi har da gyaɗa kai.

An kafa maɗaba'ar Globe a 1929, shekarar da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe. Da farko abin da take bugawa tallan wasannin dabbobi ne da na dambe da kokawa da sinima da bukukuwan ƙauye. Wannan asali bai taɓa barin aikinta ba, shi ya sa masu tara fostoci ke kiran irin wannan tsari salon dambe: suna a sama da manyan haruffa, hoton kai, wuri, rana, kuɗin shiga, shi ke nan. Babu zanen furanni, babu kwana-kwana. Daga shekarun 1950 ne mawaƙan baƙar fata da masu shirya musu wasa suka zama manyan abokan cinikin kamfanin. B.B. King da Aretha Franklin da Otis Redding da Marvin Gaye da Solomon Burke, duk sunayensu sun bi ta cikin injinan Globe.

Sai mai karatu ya san halin da waɗannan mawaƙa suke ciki kafin ya gane abin da ya sa kwali ya zame musu dole. Har zuwa 1949, mujallar Billboard, wadda ke jera waƙoƙin da suka fi kasuwa, tana sanya waƙoƙin baƙar fata ne a ƙarƙashin wani suna da ma'anarsa ita ce faya-fayen launin fata. A wannan shekara ce aka sauya shi da rhythm and blues, wanda aka taƙaita zuwa R&B, kuma ana jingina sauyin ga wani ma'aikacin mujallar mai suna Jerry Wexler. Suna ya sauya, amma ƙofofi ba su buɗe ba. Manyan zaurukan wasa da otal-otal da yawa ba sa karɓar baƙi masu baƙar fata, musamman a jihohin kudu. Don haka mawaƙan suka yi wa kansu hanya tasu, jerin gidajen wasa da kulob-kulob da zaurukan rawa da za su iya shiga ba tare da wulaƙanci ba. Suka raɗa mata suna da sunan hanjin alade, abincin da iyayengiji ke bar wa bayi bayan sun kwashe tsoka. Manyan tashoshin wannan hanya su ne Apollo a unguwar Harlem ta New York, Howard a Washington, Regal a Chicago, Uptown a Philadelphia, sai kuma Royal a Baltimore. Tsakanin waɗannan akwai ɗaruruwan ƙananan wurare a garuruwan da ko a taswira sai an lalube su.

To ta yaya mutanen ƙaramin gari za su san cewa wane zai zo ranar Asabar? Jaridar garin ba tasu ba ce. Sai falwaya da tagar shagon aski da bangon kantin unguwa. Mai shirya wasa ya buga waya Baltimore, ya faɗi suna da wuri da rana, a buga masa, a ɗaure, a saka a bas ko jirgin ƙasa. Mawaƙin da zai zaga garuruwa da yawa kuma a buga masa tari guda a bar fili a sama ko a ƙasa, kowane gari a cike nasa. Girman da aka fi sani shi ne inci 14 da 22, ko kuma babba mai inci 22 da 28. Launin nan mai ƙyalli da ya zama tambarin Globe, wanda ake kira Day-Glo, wasu 'yan'uwa biyu 'yan gidan Switzer ne suka ƙirƙiro shi, sojojin Amurka suka yi amfani da shi wajen alamun da ake son matuƙin jirgin sama ya hango a Yaƙin Duniya na Biyu. Mai tsara fostocin Globe, Harry Knorr, ya kawo shi bakin titi saboda dalili irin wannan: direban da ke gudu a mota ya karanta suna da rana kafin ya wuce.

Daga tashar Penn tafiyar ƙafa ce kaɗan zuwa kwalejin zane-zane ta Maryland, wadda ake kira MICA a taƙaice, tsohuwar makaranta da aka kafa a 1826. A nan kayan Globe suke yanzu. Abin da ya fara tarbata wari ne, warin tawada da man inji da tsohon katako, irin wanda duk wanda ya taɓa shiga ƙaramar maɗaba'a a Kano ko Zariya zai gane nan take. Ga durowoyi jere, kowace cike da haruffan katako, wasu ba su wuce ɗan yatsa ba, wasu sun fi tafin hannu biyu. An sassaƙa su a juye, domin in an danna su a takarda su fito daidai. Gefensu ya yi baƙi da sulɓi saboda hannun ma'aikata. Wani harafin yana da tsaga, wani ƙusurwarsa ta gutsure, kuma wannan lahani haka yake fita a kan kowace fosta da aka buga da shi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai kawunan ne. Domin a buga hoton mawaƙi, sai an mayar da shi farantin ƙarfe an liƙa a kan guntun katako mai tsayi daidai da na haruffa. Waɗannan guntaye suna nan da yawa, fuska bayan fuska, wasu kowa ya san su, wasu kuwa sun yi waƙa ɗaya ko biyu duniya ta manta da su. Mai babban suna da wanda bai yi suna ba, duk kwance a durowa ɗaya. Aikin kansa hawa biyu ne. Da farko a shimfiɗa launuka masu ƙyalli ta hanyar tura tawada ta cikin kyalle mai ƙananan ƙofofi, a bari ya bushe, sannan a kai kwalin injin da zai danna baƙaƙen haruffa da hotuna a kai. Na kalli wata ɗaliba tana jera haruffa a kan tebur tana cusa guntayen katako a tsakaninsu don kada su motsa. Ba a haife ta ba lokacin da yawancin masu waɗannan fuskoki suka mutu.

Joseph Cicero, wanda ya daɗe yana aiki a kamfanin, shi ya saye shi a 1975, 'ya'yansa Joe da Frank da Bob suka ci gaba. A shekarun 1980 kiɗan go-go na Washington, wanda Chuck Brown ya jagoranta, ya sake cika musu aljihu, sannan 'yan hip-hop suka biyo baya. Amma hukumomin birane suka fara cin tarar masu liƙa talla a falwaya, bugun kwamfuta ya zo da arha, intanet kuma ta ƙarasa abin da ya rage. A 2010 Globe ta rufe. Saura ƙiris a sayar da kayan ɗaya-ɗaya su watse, sai ɗalibai da malaman MICA suka tashi tsaye, kwalejin ta sayi mafi yawansu a 2011. Bob Cicero ya koma koyar da ɗalibai sana'ar da ya yi rayuwarsa a cikinta.

Dattijon da aka haɗa ni da shi yana zaune a yammacin birnin, a ɗaya daga cikin gidajen jan bulo masu manne da juna da suka cika Baltimore, kowanne da 'yan matakalan farin dutse a ƙofarsa. Tsohon direban bas ne, ya haura shekara 70. Ya ce in shigo, ya kira ni ɗan'uwa duk da ya haife ni, sannan ya kai ni ɗakin ƙasa. Na yi zaton zan ga bango cike da fostoci. Babu ko ɗaya. Duk suna kwance a cikin faffaɗan durowoyi, tsakanin kowace da 'yar'uwarta an shimfiɗa farar takarda. Ya ce launin nan mai ƙyalli ba ya shiri da rana, in ka rataye shi kusa da taga, kafin ka farga ruwan lemo ya koma ruwan ƙasa.

Na tambaye shi yadda ya fara. Ya ce ba tarawa ya fara ba, sata ya fara. Yana ɗan shekara 12 yakan bi titi da sassafe bayan an gama wasa, ya ɓamɓaro kwalin daga falwaya kafin ruwan sama ko masu shara su riga shi. Mahaifiyarsa ta sha ɗaukar wasu ta toshe tagar da ta fashe a lokacin sanyi. "Ba wanda ya ɗauke su a bakin komai, ɗan'uwa," in ji shi. "An yi su ne don su yi mako ɗaya ko biyu. Ranar Lahadi da safe sun zama shara." Wannan shi ne sirrin kasuwar baki ɗaya. An buga ɗaruruwa, an watsar da ɗaruruwa, wadda ta tsira ta tsira ne da kuskure: an manta da ita a bayan kabad, ko an cusa ta cikin bango don tare iska, ko wani yaro marar jin magana ya ɓoye ta a ƙarƙashin gado.

Sai ya ce in kawo tawa. Ya ɗora ta a tebur ƙarƙashin fitila, ya fara da baya. Tsohon kwali, in ji shi, bayansa toka-toka ne ko ruwan ƙasa, kuma tsufa yana shigarsa daga gefe zuwa ciki, ba ya zuwa bai ɗaya kamar an shafa. Ya nemi hujin ƙusa a ƙusurwoyi, bai samu ba, ko da yake ya ce wannan kaɗai ba hujja ba ce, domin akwai waɗanda ba a taɓa liƙa su ba. Ya shafa haruffan da ɗan yatsa. Sannan ya miƙo mini gilashin ƙara girma, ya ajiye wata tasa kusa da tawa. A tasa, baƙin harafi baƙi ne ƙirin, da ɗan tudun tawada a gefe inda nauyin inji ya matse ta, ga kuma tabon tsagar katako. A tawa kuwa, baƙin da launin duk ƙananan ɗigo-ɗigo ne, aikin injin zamani.

Amma abin da ya fara tona asirin, ya ce, ko gilashi ba ya buƙata. Ya nuna ranar wasan: an rubuta shekarar a cike, ɓaro-ɓaro. Yawancin fostocin wancan zamani ba sa ɗauke da shekara. Me za a yi da ita? Wanda ke tsaye gaban falwaya ya san shekarar da yake ciki, abin da yake son sani Juma'a ce ko Asabar. Masu kwaikwayo ne ke ƙara shekara, domin sun san mai saye irina yana son ganinta. Shi ya sa mai tara fostoci ba ya rabuwa da kalandar shekaru. Ya ba ni misali: 10 ga Disamba ta faɗo ranar Lahadi a 1961 da 1967 da 1972. In ka ga wannan rana a fosta, sai ka duba waƙar da aka ambata a jikinta da sauran mawaƙan da aka jera, ka cire shekarun da ba su dace ba. Ba a banza ya zaɓi wannan rana ba. Lahadi 10 ga Disamba 1967 ce ranar da aka tallata wasan Otis Redding a garin Madison na jihar Wisconsin, kuma a ranar jirgin da ya ɗauko shi ya faɗa tafkin Monona. Shekarunsa 26. Fostar wannan wasa da ba a yi ba tana cikin waɗanda masu tarawa ke nema ruwa a jallo.

Ya ce fostoci kashi uku ne. Akwai ta ainihi, wadda aka buga kafin wasa don a kira mutane. Akwai wadda maɗaba'ar ta sake bugawa daga baya da haruffanta na asali don masu sha'awa, wannan ba ha'inci ba ne muddin an faɗa. Sai kuma ta uku, wadda wani ya ɗauki hoto ya buga a kwamfuta, wani lokaci har ya shafa mata ruwan shayi don ta tsufa. Tawa ta ukun ce. Ya ce kada in damu, shi ma an taɓa yi masa, kuma da kuɗin da ya fi nawa. Na yi dariyar yaƙe. Dala 60 a kuɗinmu ba abin wasa ba ce.

Daga nan ya buɗe durowar ƙasa, ya ɗauko wata da ya ce ba don mawaƙin yake ajiye da ita ba. Daga wani gari ce a kudu, kuɗin shiga bai kai dala 2 ba. A ƙasa, cikin layi ɗaya, an sanar cewa an keɓe wuri ga fararen fata 'yan kallo. Na karanta sau biyu. A wannan dare baƙar fata ne masu zaure, su ne a filin rawa, farar fata kuwa sai dai ya hau bene ya leƙo. Wariyar tana nan daram, an dai juya ta ne na 'yan sa'o'i. Littattafan tarihi sun yi bayanin dokokin wariya dalla-dalla, amma ban taɓa jin nauyinta kamar yadda na ji a wannan layi da aka buga tsakanin kuɗin tikiti da lokacin buɗe ƙofa ba, kamar sanarwar wurin ajiye mota.

Yanzu kwalin da aka toshe taga da shi ya shiga hannun manyan 'yan gwanjo. A 2022 kamfanin Heritage ya sayar da fostar wasan da Buddy Holly ke kan hanyar zuwa lokacin da jirginsa ya faɗi a Fabrairun 1959 a kan dala 447,000. Shi mawaƙin rock and roll ne, farar fata, amma guguwar ta ɗaga farashin tsofaffin fostoci gaba ɗaya, har da na R&B. Abin da ke sa kuɗi sananne ne: girman sunan mawaƙi, ko a farkon tashensa ne, ko an jera taurari da yawa a kwali ɗaya, ko an ambaci waƙar da ta yi fice, sai lafiyar kwalin, sai kuma, abin takaici, kusancin ranar da mutuwa.

A nan ne hankalina ya rabu biyu, kuma har yau bai haɗu ba. Ba don masu tarawa ba, da babu abin da zai rage, wannan gaskiya ce da ba ta da makawa. Su ne suka tsince abin da kowa ya zubar, suka koyi bambance tawada da tawada, suka gano shekarun da ba a rubuta ba. Amma kuɗi yana da alƙibla. Fosta takan fito daga unguwa irin ta dattijon nan ta tafi gidan mai hali a wani gari, kuma ba ta dawowa. Mutanen da suka tara dala 2 daga albashin mako don su shiga wasan, jikokinsu ba za su iya sayen tallan wasan ba. Ya gaya mini dillalai sun sha ƙwanƙwasa masa ƙofa. Rufin gidansa yana yoyo, jikarsa tana jami'a. Ya sayar da guda biyu a bara, ya ce sai da ya yi mako bai sauka ɗakin ƙasa ba. Yana tunanin bai wa wani gidan tarihi sauran, amma gidan tarihi godiya yake bayarwa, godiya kuwa ba ta gyara rufi. Ban ba shi shawara ba, domin ba ni da ita.

Ina sauraronsa ina tunanin namu. Ina allunan tallan fim da ake kafawa a ƙofar gidajen sinima na Kano da Kaduna? Ina fostocin farkon finafinan Hausa na shekarun 1990, waɗanda muka ga masu ƙosai da masu tsire suna naɗe kaya da su? Mu ma mun ɗauka na mako ɗaya ne.

Da la'asar ya ce in zo ya nuna mini inda ake liƙa su. Muka nufi titin Pennsylvania, wanda mutanen garin ke kira Titin kawai, kamar babu wani. A 1910 Baltimore ta zama birni na farko a Amurka da ya kafa dokar raba unguwanni bisa launin fata. Kotun Ƙoli ta soke irin waɗannan dokoki a 1917, amma masu gidaje da bankuna suka ci gaba da aikin ta wasu hanyoyi. Da aka tattara baƙar fata a yammacin birnin, likita da lebura, lauya da mai wanki, duk suka zama maƙwabta, kuɗinsu kuma yana juyawa a titi ɗaya. A wannan yanki Thurgood Marshall ya tashi, wanda ya zama baƙar fata na farko a kujerar alƙalin Kotun Ƙoli. Cab Calloway ma a Baltimore ya girma, haka Billie Holiday. Ƙungiyar mawaƙa ta Orioles, wadda waƙarta ta 1948 ke cikin tushen R&B, 'yan garin ne.

Zuciyar titin ita ce gidan wasa na Royal. An buɗe shi a 1922 da sunan Douglass, don tunawa da Frederick Douglass, wanda ya yi bauta a Baltimore ya gudu daga cikinta a 1838. Bayan 'yan shekaru aka sauya masa suna. Yana ɗaukar mutum fiye da 1,000, kuma an san 'yan kallonsa da rashin kara: in ka yi kyau su ɗaga ka sama, in ka yi sanyi su kore ka daga dandamali. Dattijon ya ce layin masu sayen tikiti yakan zagaye kwana, maza da kwat da hula, mata da safar hannu, kamar masu zuwa coci. Shi da abokansa, da ba su da kuɗi, sukan tsaya bakin ƙofar baya su ga mawaƙa suna saukowa daga bas.

Abin da ya kashe titin yana da ɗaci a faɗa, domin rabinsa nasara ce. Da dokar 'yancin ɗan ƙasa ta 1964 ta haramta wariya a wuraren taruwar jama'a, manyan zauruka suka buɗe wa mawaƙan ƙofa, kuma sun fi biya. Masu hali daga cikin mazauna unguwar suka fara ƙaura zuwa inda a da ba a yarda su zauna ba. Sai aka kashe Martin Luther King ranar 4 ga Afrilu 1968, tarzoma ta ɓarke a Baltimore, shaguna da yawa suka ƙone ko suka rufe ba su sake buɗewa ba. A 1971, da sunan sabunta birni, aka rushe Royal.

Mun tsaya a mahaɗar titin Pennsylvania da Lafayette. Akwai wani gini na tunawa da aka kafa a 2004, kwaikwayon rumfar ƙofar gidan wasan ce, da sunan Royal a samanta. Ƙofa ce da babu gida a bayanta. Inda zauren yake a da, yanzu filin wasa ne mai ciyawa. Tsallaken hanya ga mutum-mutumin Billie Holiday da aka kafa a 1985, bakinta a buɗe tana waƙa, motoci na wucewa. Sauran titin kuwa gauraye ne: shagon aski da ke aiki, kusa da shi gidaje uku da aka toshe tagoginsu da katako, coci, kantin magani, fili da ciyawa ta cinye. Can sama, a mahaɗar titin North, inda aka ƙona wani kanti a tarzomar 2015 bayan mutuwar Freddie Gray a hannun 'yan sanda, ƙungiyar Arch Social Club, wadda aka kafa a 1905, tana nan tana kiran makaɗa. A 2019 jihar Maryland ta ayyana yankin a matsayin gundumar fasaha da nishaɗin baƙar fata. An yi zane-zane a bango, ana ta shirye-shirye. Dattijon ya ce ya ji alkawura da yawa a rayuwarsa, amma ba ya raina na wannan karon.

Ya riƙa nuna mini da sandarsa: nan kulob kaza yake, nan otal ɗin da mawaƙa ke sauka, nan shagon da yake da faffaɗar taga, ana jera fostoci huɗu a lokaci ɗaya. Ni ina ganin fili da bulo, shi yana karanta titin kamar yadda ya karanta mini kwali. Sai na lura cewa adireshin wasu wuraren da yake ambata ban gan su a ko'ina ba sai a durowarsa, a layin da ke ƙarƙashin sunan mawaƙi.

Ya raka ni tashar bas, muka yi sallama. Ya ce in riƙe fostata, in rataye ta kusa da taga ma in na ga dama, tunda ita rana ba za ta rage ta da komai ba. Ina jiran bas, wani yaro ɗan kimanin shekara 14, da ƙwallo a hammata, ya tsaya yana kallon kwalin. Ya tambaye ni wane ne wannan. Na ce James Brown. Ya ce ya taɓa jin sunan a wurin kakarsa. Na nuna masa filin da ke bayan rumfar, na ce mutumin ya yi waƙa a can.

Ya waiga ya duba, ya ce can ai nan suke buga ƙwallo. Bas ya iso, na juya kwalin a karkace don ya shiga ƙofa.